Zauren Iyali: Hannun Mai Koyarwa da Jikin Mai Koyo

A fitowar da ta gabata na yi alkawarin ci gaba da maganar kayan ɗaki da irin bashin da iyaye mata ke ɗora wa kansu wajen aurar da 'ya, to amma masu karatu za su yi mini afuwa, domin wani al'amari ya gitta wanda na ga bai kamata ya jira ba.

Makonnin baya, a wurin karatun mata da muke yi ranar Lahadi a Nima, na lura da wata baiwar Allah tana salla a kan kujera. Mace ce da na daɗe da sani da ƙwazo da zafin nama, ba irin wadda za a ga ta zauna ana tsaye ba. Fiye da shekara 20 ke nan tana kasuwanci a Agbogbloshie. Da albasa ta fara, lokacin da manyan motoci ke sauke albasar Nijar a nan, da hukuma ta tashi 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku a 2021 kuwa, sai ita ta tsaya ta koma sayar da kayan miya. Bayan an tashi daga karatu na bi ta na yi mata sannu, ta ce mini zamewa ta yi a kasuwa. Sai da na je gidanta dubiya bayan kwana uku, muka keɓe mu biyu a ɗaka, sannan ta faɗa mini gaskiyar abin da ya faru. Ta yi mini izinin in ba da labarin, bisa sharaɗin kada in ambaci sunanta ko na wurin da abin ya auku.

Likita ne ya ce mata jininta ya hau, ya umarce ta da ta rage gishiri da dunƙulen miya, ta kuma riƙa motsa jiki. Shawara ce mai kyau, babu mai ja da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Sai ta shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin motsa jikin nan da suka yawaita a Akra, irin waɗanda muke gani da sassafen Asabar sanye da riguna iri ɗaya, wasu na zagaya unguwa da kiɗa, wasu na hawan tudun Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Tasu ƙungiyar a filin wata makaranta take haɗuwa bayan sallar asuba, mafi yawansu mata ne 'yan kasuwa, mai horar da su kuwa wani matashi ne wanda bai girmi ɗanta na fari ba. Bayan an yi tsalle-tsalle da ɗan gudu, sai ya sa su shimfiɗa tabarmi a yi abin da ya kira yoga, wato miƙe gaɓɓai da lanƙwasa jiki tare da daidaita numfashi.

A ranar da abin ya faru, an ce kowa ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta sunkuya ta kamo yatsun ƙafarta. Ita hannunta bai wuce ƙwauri ba. Ba ta ankara ba sai ta ji tafin hannu biyu a gadon bayanta, an kuma danna da nauyin jiki gaba ɗaya. Ta ce ta ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayanta, zafi ya sauka har cinya. Da ta yi 'yar ƙara sai ya ce, "Mma, ki daure, wannan ciwon shi ne maganin." Ta yi murmushi, ta ƙarasa darasin, ta hau trotro ta koma gida. Washegari da asuba ta kasa tashi daga kan gado. Wata biyu ke nan ba ta yi ruku'u ba, kasuwa kuwa ta bar wa 'yarta, ga kuɗin hoton ƙashi da na gashin ƙashi a asibiti sun cinye wani yanki na jarinta.

Amma maganar da ta hana ni barci ita ce wadda ta biyo baya. Ta ce, "Wallahi Hajiya, ba ciwon ne ya fi damuna ba. Tun da aka ɗaura mini aure babu namijin da ya taɓa ɗora hannu a bayana sai maigidana. Yaron nan ya taɓa ni a gaban mata kusan 30, na kasa cewa uffan. Har godiya na yi masa." Maigidan nata har yau ya ɗauka zamewa ta yi, domin tana tsoron ya ce dama ai ya faɗa, ya kuma hana ta fita gaba ɗaya.

Ba na so a ɗauka ina yaƙi da motsa jiki ne. Duk wanda ya san Agbogbloshie ya san abin da kasuwar nan ke yi wa jikin mace. A dubi kayaye, 'yan matan nan da ke zuwa daga arewa suna ɗaukar kayan mutane a manyan kwanonin ƙarfe (kalmar ma rabinta tamu ce, wato kaya, rabinta kuma ta mutanen Ga), yarinya ba ta kai shekara 20 ba amma wuyanta da bayanta sun tsufa. A dubi masu zama a kan ɗan benci tun fitowar rana har faɗuwarta, a sunkuye kan tumatir da tattasai. Waɗannan mata suna da bukatar abin da zai warware musu jiki, kuma masana ba su ƙaryata amfanin yoga ba. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin gida ta Amurka ta lissafa ta cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon baya zai iya gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi. Game da hukuncinta a addini kuwa, wannan fagen malamai ne, kuma sun yi magana. A watan Nuwamba na 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin ta saboda asalinta na addinin Hindu. A watan Janairu na 2009 majalisar malaman Indonesiya ta bambanta, ta haramta wadda ke ƙunshe da kirari da ibadun Hindu, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Mai son ƙarin bayani ya nufi malaminsa. Ni abin da ya dame ni a yau shi ne hannu: hannun wa, a jikin wa, da izinin wa, kuma da wane ilimi.

Mu fara da ilimin. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba su faɗi abin da ke faruwa da busasshe ba don sun san kowa ya sani. Jikin mace mai shekara 50 da 'yan kai, wadda ta haihu shida ko bakwai, ta kuma sha ɗaukar kaya, ba ɗaya yake da na matashin da ke buga ƙwallo a filin Kawukudi ba. Tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya akwai wasu faya-fayai masu taushi da ke aiki kamar matashi, kuma sunkuyawa gaba da ƙafafu a miƙe tana matse su. In aka ƙara nauyin wani mutum a kai, faifan na iya turowa ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, ko kuma tsokar bayan cinya ta yage daga inda take manne da ƙashin mazauni. Ga matan da al'ada ta ɗauke musu akwai ƙarin haɗari, domin ƙashi na zaizayewa a ɓoye ba tare da wata alama ba, har gaɓar ƙashin baya ta iya murƙushewa da ɗan matsi kaɗan. Likitocin asibitin Mayo da ke Amurka sun wallafa bincike a 2019 a kan mutum 89 da suka zo musu da raunin da ya shafi yoga, suka kuma yi gargaɗi ga masu raunin ƙashi a kan matsananciyar sunkuyawa da gantsarewa. Haka nan mai hawan jinin ido bai kamata a sa shi ya tsaya da ka ba, domin yin hakan na ƙara matsin da ke cikin ido.

Akwai kuma wata hikima da Allah Ya ajiye a jikin ɗan Adam. In aka ja tsoka da ƙarfi ba zato, sai ta ƙanƙame da kanta don ta kare kanta. Ashe ke nan mai dannawa daga waje kokawa yake yi da jikin da ke ce masa a'a. Mai jikin ita ke jin inda iyakarta take, shi na waje ba ya ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka maganar nan ta "daure, ciwon shi ne maganin" ƙarya ce mai haɗari. Akwai jan tsoka mai daɗi wanda mutum kan ji yana raguwa in ya saki numfashi, akwai kuma zafi mai suka kamar an soka tsinke, ko mai sauka ƙafa kamar wutar lantarki. Na biyun nan umarni ne na a dakata nan take.

Kada mu ɗauka wannan matsala ta ƙananan masu horarwa ce da suka koyi aikin a YouTube. Ta taso ne tun daga manyan masu abin. A birnin Mysore na ƙasar Indiya an yi wani shahararren malamin yoga, Pattabhi Jois, wanda aka haifa a 1915 ya mutu a 2009. Turawa sun riƙa yin takakkiya daga Amurka da Ingila suna zuwa wurinsa, kuma an san shi da gyara wa ɗalibi tsayuwa da hannu da ƙafa, wani lokaci har ya hau kan mutum da nauyinsa duka. Ɗalibai da dama sun ji rauni a gwiwa da cinya, amma suka riƙa ɗaukar raunin a matsayin alamar ci gaba. Sai a 2017 wata Ba'amurkiya mai suna Karen Rain, wadda ta yi karatu a hannunsa a shekarun 1990, ta fito fili ta ce abin da ake kira gyara ɗin nan a wurinta cin zarafi ne, domin yana kai hannu da jikinsa inda bai kamata ba. Wasu matan suka biyo bayanta da irin nasu labarin, wani marubuci ɗan Kanada, Matthew Remski, ya tattara shaidarsu a littafi a 2019, kuma a wannan shekarar jikan malamin, wanda ya gaje shi, ya amsa cewa ya ga irin waɗannan gyare-gyare marasa dacewa, ya nuna nadama. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a ɓoye ake yi ba. A tsakiyar aji ake yi, a gaban mutane, har da hotuna da bidiyo. Kowa na gani, kowa kuma na gaya wa kansa cewa malam ya fi shi sanin abin da yake yi.

Irin wannan ne ya faru da Larry Nassar, likitan 'yan wasan alkafura na Amurka, wanda wata kotu a jihar Michigan ta yanke wa ɗaurin shekara 40 zuwa 175 a watan Janairu na 2018, bayan mata da 'yan mata fiye da 150 sun tsaya gaban alƙali sun faɗi abin da ya yi musu da sunan magani. Wasunsu sun ce iyayensu na zaune a cikin ɗakin lokacin da abin ke faruwa. Na kawo waɗannan ne ba don in ce matashin nan namu yana da mugun nufi ba, ni ban ga alamar hakan ba. Na kawo su ne saboda 'yar'uwata da ke zargin kanta cewa ta kasa magana. Ba ita kaɗai ba ce, kuma ba wauta ba ce. In abu ya zo wa mutum ba zato daga wanda yake girmamawa, a gaban jama'a, jiki kan sandare, harshe ya yi nauyi, sai daga baya hankali ya dawo. Mu kuma an rene mu da kunya da kawaici, an koya mana cewa ba a musu da malam, ba a kunyata mutum a bainar jama'a. Tarbiyya ce mai kyau, amma wani lokaci ita ce ke ɗaure mana baki a inda ya wajaba mu buɗe shi.

Su can sun ɗauki darasi gwargwado. Ƙungiyar Yoga Alliance da ke yi wa malaman yoga rajista a Amurka ta sanya a cikin ƙa'idojinta na 2020 cewa dole malami ya nemi yardar ɗalibi a fili kafin ya taɓa shi. A wasu ajujuwan ana ba kowa ɗan kati ya ajiye a gaban tabarmarsa, fuska ɗaya na nufin na yarda a gyara mini da hannu, ɗayar na nufin a'a, mutum kuma na iya juya shi duk lokacin da ya so ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. Da na karanta wannan sai na yi murmushi, domin mu an rigaya an ba mu abin da ya fi kati tun ƙarni 14 da suka wuce, sai dai mun bar shi a littafi.

Addininmu bai hana gyara da hannu ba. Ya zo a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (S.A.W) yakan shafi kafaɗun sahabbai yana daidaita sahu. Abdullahi ɗan Abbas (R.A), yana yaro, ya kwana a ɗakin 'yar'uwar mahaifiyarsa Nana Maimuna, ya tashi ya bi Manzo sallar dare ya tsaya a hagunsa, sai Manzo ya kama shi ya mayar da shi dama. Amma a lura da su wane ne: maza ne tsakanin maza, da kuma yaro ɗan'uwa na jini a cikin gida. Da mata suka zo yin mubaya'a kuwa, Nana A'isha (R.A) ta shaida cewa da baki ya karɓi mubaya'arsu, hannunsa bai taɓa hannun macen da ba tasa ba. Kuma mutumin nan da ya munana sallarsa a masallaci, wanda bai natsu a ruku'u da sujada ba, Manzo bai tashi ya danna masa baya ba. Ya mayar da shi ya sake har sau uku, sannan ya yi masa bayani da baki, gaɓa bayan gaɓa. In har ruku'u, wanda rukuni ne na salla, ana iya koyar da shi da magana, ina ga kamo yatsun ƙafa? Malamanmu sun yi rangwame ga likita ya duba kuma ya taɓa gwargwadon lalura in babu mace mai iyawa, to amma ban san lalurar da ke cikin taɓa bayan matar aure don hannunta ya ƙara nisan taƙi guda ba.

Labarin da na fi so a wannan babi shi ne wanda masu tarihin Manzo suka ruwaito a ranar Badar, shekara ta 2 bayan hijira. Manzo (S.A.W) yana daidaita sahun mayaƙa da kibiya a hannunsa, sai ya tarar da Sawadu ɗan Gaziyya ya ɗan fito daga layi, ya zungure shi a ciki don ya koma. Sawadu ya ce an ji masa zafi, kuma yana neman ramuwa. Shugaban halitta, a ranar da ta fi kowace tsanani, bai ce masa ya daure ba, bai ce ya yi rashin ladabi ba. Ya yaye rigarsa ya ba shi dama ya rama. Sawadu ya rungume shi ya sumbaci cikinsa, ashe abin da yake nema ke nan tun farko. Masu wa'azi kan kawo labarin don nuna soyayyar sahabbai, kuma haka ne. Ni kuma ina ganin wani abu a ciki: na ƙasa ya ce an ji masa zafi, na sama ya saurara.

Wannan ya kai ni ga inda na san wasu ba za su ji daɗi ba, wato makarantunmu. Ni ma da hannun malam a kan nawa na koyi riƙe alƙalami da jan baƙi a kan allo, kuma ina yi masa addu'a har gobe. Amma mun san akwai wani hannun. Akwai dorina, akwai murɗe kunne, akwai ranƙwashi, akwai ɗaga yaro a miƙe shi huɗu a yi masa bulala. Mu iyaye kuma mu ne ke kai yaro mu ce, "Malam, nama naka, ƙashi namu." Mutane da yawa na zaton ƙorafi a kan wannan baƙon ra'ayi ne na Turawa. Ba haka ba ne. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, babban malami a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban malaman makaranta. A ciki ya iyakance horo ga bulala uku in ba da izinin uba ba, ya hana dukan kai da fuska, ya kuma hana malami duka don huce fushinsa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe babi guda a Muƙaddimarsa yana bayyana cewa tsanantawa ga ɗalibi na koya masa ƙarya da ha'inci, domin yakan saba da nuna abin da ba shi ke zuciyarsa ba saboda tsoron hannu. Hukumar Ilimi ta Ghana ta hana dukan ɗalibai a makarantu tun 2017, amma makarantunmu na yamma da na Asabar da Lahadi, waɗanda ba sa ƙarƙashin Sashen Ilimin Islama da aka kafa a 1987, babu mai leƙa su sai mu. Yarinyar da ta tashi da sanin cewa jikinta na malam ne, ya taɓa yadda ya ga dama kuma ba a tambaya, ita ce ranar da ta kai shekara 53 za ta yi godiya ga wanda ya karya mata baya.

Kuma iyaye, tambayar "yaya makaranta?" ba ta fitar da kome, amsarta "lafiya lau" ce kullum. A tambayi yaro a keɓe, cikin sakin fuska, ko akwai wanda ya taɓa shi ta yadda bai ji daɗi ba, a makaranta ne ko a wurin ƙwallo ko wurin koyon ɗinki. In ya faɗa, kada a fara da yi masa tsawa. In abin ya wuce kuskure ya kai ga taɓa tsiraici, wannan laifi ne a ƙarƙashin sashe na 103 na dokar manyan laifuffuka ta Ghana ta 1960, kuma 'yan sanda na da sashe na musamman, DOVVSU, wanda aka kafa tun 1998 don irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe na mata da yara. Na san al'adarmu ta Zango ita ce a kai magana gaban mai unguwa ko liman a kashe ta a cikin gida. Akwai maganar da ta dace da hakan. Akwai kuma wadda kashe ta a gida ba ya haifar da kome sai ba mai laifin damar komawa kan 'yar wani.

Kakanninmu ba su jahilci sana'ar hannu ba. Ungozoma mace ce, mai yi wa mai jego wanka da tausa tsohuwa ce daga dangi, wanzami na da iyakarsa, maɗori kuwa ba ya kama karaya sai ga 'yan'uwa zaune, kuma sai ya shekara da shekaru yana kallon mahaifinsa kafin a bar shi ya taɓa ƙashin mutum. Da matan Madina suka nemi Manzo (S.A.W) ya ware musu ranar karatu tasu, ya ware musu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da ta ga matan karkara na bukatar ilimi, ba ta aika musu samari ba. Ta horar da jajis, dattijan mata, ta naɗa musu malfa, suka riƙa zagaya ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Yau muna da 'ya'ya mata a Nima da Maamobi da Sabon Zango da suka karanta aikin jinya da gashin ƙashi da ilimin wasanni. Me zai hana ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin biyu ko uku daga cikinsu, a ware safiyar Asabar a wani kewayayyen wuri, mata zalla, kowace ta saki jiki ba tare da fargabar gyalenta ya zame ba? Ko a nan ɗin ma, kasancewar mai koyarwa mace ba ya ɗauke neman izini, domin hannun mace ma na karya ƙashi.

Da izinin 'yar'uwar tawa, na je filin nan ranar wata Asabar, na jira aka tashi, na kira matashin gefe. Na ce, "Ɗana, ka san Hajiya wance ba ta sake zuwa ba?" Ya ce ya ji an ce ta faɗi a kasuwa. Da na gaya masa gaskiya sai ya zauna a kan benci ya riƙe kai. Ya ce, "Mma Hajiya, wallahi taimako nake nufi. Haka aka yi mini lokacin da nake koyo, kuma ba wadda ta taɓa ce mini ba ta so." Na tambaye shi ko ya taɓa tambayarsu, ya yi shiru. Na tambaye shi ko ya san waɗanda ke da hawan jini a cikinsu, da waɗanda aka taɓa yi wa tiyata wajen haihuwa, da masu ƙaramin ciki da ba su faɗa ba. Bai sani ba. Kwas ɗin da ya yi na 'yan makonni ne, sauran kuwa daga waya ya ɗauko. Na tuna masa abin da ya zo a hadisi, cewa wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba, to shi ke da alhakin ɓarnar da ta biyo baya.

Mun rabu a kan cewa daga yanzu zai gyara da baki, in bai isa ba ya nuna a jikinsa, in ya zama dole a taɓa sai ya sa wata daga cikin matan ta yi, bayan an tambayi mai jikin ta amsa. Ya ce zai buɗe littafi ya rubuta lalurar kowace mace kafin ta fara. Ya kuma nemi ya je ya ba ta haƙuri ya biya wani abu daga kuɗin asibiti, to amma nan ne maganar ta tsaya, domin zuwansa gidan na nufin maigida ya san ba zamewa ta yi ba, ita kuma har yanzu ba ta shirya ba. Na ce mata ni zan raka ta in ta yanke shawarar faɗa masa, kuma ina ganin ya fi kyau ya ji daga bakinta kafin ya ji a bakin matan unguwa.

Maganar ajin mata zalla na miƙa ta ga kwamitin mata, za a tattauna ta a zama mai zuwa, kuma an sanya taƙaitaccen bayaninta a ɓangaren Faransanci saboda 'yan'uwanmu na Nijar da Togo da Burkina Faso. Duk wadda ta san wata 'yarmu mai takardar shaidar wannan aiki, ta sanar da sakatariya. Ita kuwa mai jinyar, likitan gashin ƙashi ya ce ta fara gwada ruku'u a hankali tana dafa kujera. A sa ta a addu'a.

Maganar kayan ɗaki sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.